Gyaɗar Ɗakin Karatu

Ɗakin karatu ma yana da daminarsa da raninsa, sai wanda ya yi aiki a ciki ya san haka. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin karatu na jama'a a nan Zuru. Ni ce mai bayar da aron littattafai, ni ce mai jera su a kanta, wani lokaci ni ce mai shara idan mai sharar ya tsere gona. Idan jarrabawar gama sakandare ta matso, ɗakin yakan cika har wasu su zauna a ƙasa, ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba, ba kuma za ka sake gani ba sai shekara ta zagayo. A dogon hutun damina muna da shirin yara: karatun labari da safe, zane, gasar rubutu, da hayaniyar da ke mayar da ni gida da ciwon kai. Da azumi dattijai ke zuwa su buɗe jarida su yi barci a ƙarƙashin fanka. Dab da Kirsimeti kuma samari da 'yan matan da suka dawo hutu daga makarantun nesa su zo ganin juna, littafin da ke gabansu ko shafi ba a juyawa.

Da kaka kuwa babu kowa. Daga ranar da aka fara cirar gyaɗa har a gama yankan dawa, garin nan kaf yana gona. Malamin makaranta yana gona, 'yan kabu-kabu suna jigilar buhuna daga Manga da Dirin Daji, ni da fanka muke wuni. A ofis ana kiran lokacin da sunan lokacin gyaran kanta. Ni lokacin hamma nake kiransa.

A irin wannan lokaci na fara ganin matan. Daga ƙauyukan wajen Wasagu suka zo, inda 'yan bindiga suka hana mutane noma, suka raɓe a gidajen dangi a cikin gari. Da kaka sukan karɓo gyaɗa daga 'yan kasuwa su ɓare a biya su. Gidan da ka raɓe ba ka da wurin baje tabarma, don haka sukan fito neman inuwa. Barandarmu doguwa ce, daɓen siminti, ga sanyi. Wata rana na fito miƙa ƙafa na tarar da wasu daga cikinsu a can ƙarshenta, kowace da ƙwarya biyu a gabanta. Babbar cikinsu, wata 'yar tsohuwa mai zane a kumatu, tana ganina ta fara tattara kayanta. Da gani ta saba a kore ta.

Na ce, "Inna, zauna abinki. Barandar nan ta gwamnati ce, ba ta ubana ba."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To ɗiyata, in gwamnatin ta zo ki gaya muna mu tashi."

Daga ranar Inna nake kiranta. Ba ta kallon hannunta idan tana ɓara. Babban yatsanta ya yi kanta, ta danna, ƙwaya ta faɗa wannan ƙwarya, ɓawo ya faɗa waccan, idonta yana kan hanya.

Ba don wani kishin al'umma na fara yi musu karatu ba, kada in yi wa kaina ado. Zaman kaɗaici ne ya ishe ni. Na ɗauko wani littafin labari na Hausa, na wata mata da aka sace mata jaki ta bi sawunsa har ƙasar da ba ta jin harshensu, na zauna a bakin ƙofa na fara karantawa da ƙarfi. Inda Hausar ta yi musu nauyi sai in mayar da Dakarci, harshen mutanen yankinmu, don ni ma 'yar Manga ce, da shi na buɗe baki. Ban gama shafi na biyu ba Inna ta katse ni.

"Wagga mata ba ta da wayo. Wa ka bin sawun jaki bayan an yi ruwa?"

Na ce, "Inna, haka aka rubuta."

Ta ce, "To wanda ya rubuta bai taɓa kiwon jaki ba. Ci gaba mu ji."

Haka muka yi ta yi. Kullum da hantsi su zo, in karanta kaɗan, su yi gardama da yawa. Littafin da ɗan sakandare zai gama a zama guda, mu sai da muka kwashe makonni muna jansa, don Inna ba ta barin matar nan ta yi taku ba ta ba ta shawara ba. Mata suka ƙaru har baranda ta cika. Kafin su tashi sukan share wurin tas, su kwashe ɓawon su tafi da shi hura wuta. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar a wannan kakar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na lura Inna ba ta karɓar duk ladanta a kuɗi. Takan ce a ba ta wani abu a gyaɗa mai ɓawo. Cikin wadda aka ba ta kuma sai ta riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya tana girgizawa a kunne, wadda ta yi mata ta jefa a wani ƙullin tsumma. Na tambaye ta na mene ne.

"Iri na."

"Inna, ina gonar?"

"Tana nan inda na bar ta, ba ta da ƙahwa." Ta ci gaba da girgizawa. Sai da ta ɗan jima ta ƙara da cewa mijinta, Allah Ya jiƙansa, golmo ya yi mata, wato shekaru ya yi yana noma a gonar ubanta kafin a ba shi ita, kamar yadda ake yi a wajenmu. Bayan aure suka sare tasu gonar da hannunsu. Ta ce mutumin da ya sha wannan wahala a kanta bai bar mata gona don ciyawa ta ci ba.

Ana tsakiyar haka aka turo mana sabon shugaba. Gaskiya zan faɗa masa, ba mugu ba ne. Shi ya sa aka gyara rufin da ya shekara yana yoyo a kan littattafan tarihi, shi ya nemo mana sababbin littattafan yara. Mutum ne mai tsabta, mai son komai ya zauna a inda aka ce ya zauna. Bai daɗe da zuwa ba ya ciro wani babban ƙamus daga kantar ƙasa ya tarar ɓera ya cinye masa gefe. Ya kira ni ofis, ya ajiye ƙamus ɗin a gabana kamar ni na ci.

"Malama, inda gyaɗa take nan ɓera yake. Daga yau kada gyaɗa ta sake shigowa harabar nan."

Na ce, "Yallaɓai, ɓerayen nan sun riga ni fara aiki a nan. Matan nan kuwa sharewa suke yi."

Ya ce ai ba korarsu yake yi ba. Su shigo ciki ma, ga kujeru, ga fanka, a yi musu karatu cikin mutunci kamar yadda ake yi wa kowa. Zai sa a rubuta shi a matsayin shirin kaka na mata, a aika sama a yaba mana. Gyaɗar kawai za su bari a gida.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Ya tambaye ni dalili, na yi masa bayani iya iyawata. A wajenmu babbar mace ba ta zama hannu sake da kaka. Ko hira za ta je, da abin ɓara ko abin tsinka take tafiya. Mahaifiyata idan ta gan ni zaune hannu a cinya a wannan lokaci, tambayar da take yi ita ce ko ba ni da lafiya, idan na ce lafiyata ƙalau kuma muciya ta biyo baya. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ya kamata su koyi hutawa. Ya ɗauka alheri yake yi musu, har cikin zuciyarsa.

Matan suka zo don kada su ba ni kunya. Suka sa zannuwansu na fita, suka shigo a ɗarare, suka zauna a kujerun da 'yan jarrabawa ke zama. Fanka tana juyawa. Na buɗe littafi na fara. Babu wadda ta katse ni. Na karanta inda matar ta sayar da ɗankunnenta ta ba wani ɗan damfara don ya nuna mata hanya, wurin da na tabbata Inna za ta tashi tsaye, amma ko tari ba ta yi ba. Na ɗaga kai na ga hannayenta a kan tebur, babban yatsan yana danna na kusa da shi, yana danna abin da babu.

Sai ga wasu matan gari sun dawo daga gona da dammunan dawa a ka, suka bi ta gefen taga. Ɗaya ta leƙo, ba da wata manufa ba, ta yi gaisuwar da ta dace da abin da idonta ya gani.

"Sannunku da hutawa."

Inna ta miƙe a hankali, ta gyara zaninta. Ta ce da ni, ba da ƙarfi ba, "Ɗiyata, kunnena ba ya ji in hannuna na zaune. Kuma dama ana cewa mun zo mun zauna muna cin na mutane. Yau ga shi an gan mu." Ta fita, sauran suka bi ta.

Ba su dawo ba. Shugaba ya ce ai ga shi nan, dama ba karatun ya kawo su ba, inuwa ce. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai. Na je gidan da Inna take raɓe, na same ta a bayan madafa, tsakanin bango da tulun ruwa, tana ɓara ita kaɗai, hayaƙi yana shiga mata ido. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Abin da kawai ta tambaya shi ne ko matar nan ta gane ɗan damfara ne. Na dawo gida raina a ɓace, na kasa cin tuwo.

Katangar ɗakin karatunmu gajera ce, iyakarta kafaɗa. A bayanta ta wajen titi akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Washegari na aika wa matan su zo da gyaɗarsu su zauna a gindinta. Ni kuma na jawo benci daga ciki na jingina da katanga, na hau, na ɗora littafi a kan katangar, na ci gaba daga inda muka tsaya. Dole na ɗaga murya saboda babura. Ban kai ƙarshen shafi ba na ji Inna daga ƙasa tana cewa, "Ai na gaya mata. Mutumin da ya cika rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, mi kike jira gare shi?" Daɗi ya kama ni har na kusa faɗowa daga bencin.

Shugaba ya fito ya tsaya a bayana.

"Malama, mene ne haka?"

"Karatu, Yallaɓai. Ka ce kada gyaɗa ta shigo haraba, ba ta shigo ba. Doka ta ce kada in bar wurin aiki, ga ni a ciki."

"Kina damun masu karatu."

Na waiwaya na dubi ɗakin. Na ce, "Fanka ce kaɗai a ciki, kuma ba ta kawo ƙara ba."

Ya ba ni takardar tuhuma, na amsa. Ya sa aka mayar da bencin ciki aka ce kayan ofis ba na hawa ba ne. Da safe na zo da tsohon turmina daga gida a bayan babur, na kife shi a gindin katanga na hau. Wani ɗan Ibo mai shagon kayan gini a tsallaken titi, da ya ga rana tana cin matan da ke gefe, ya kawo tamfol ya ɗaura musu, daga nan shi ma ya riƙa jawo kujerarsa bakin shago yana saurare. A shekarar aka zaɓi waɗanda za su je kwas Birnin Kebbi, kwas ɗin da na daɗe ina jira, aka tsallake sunana. Ya yi mini ciwo, har kuka na yi a ɗakina. Amma da gari ya waye na hau turmina.

Gyaɗa tana ƙarewa littafin ma yana ƙarewa. Ranar da muka iso babin ƙarshe, matar ta hango wani jaki a ɗaure a ƙofar wani gida, na gyara murya zan shiga, sai Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ajiye mini sauran."

Matan suka yi caa a kanta. Ta ce wadda ta matsu ta je ta koyi karatu ta karanta da kanta. Ita dai a ajiye mata sai kaka mai zuwa. Na ɗauka rigimar tsufa ce, na rufe littafin ina dariya.

Sai da ruwan farko ya sauka na gane. Ta zo mini da ƙullin tsumman nan, ga ɗaurin kayanta a ka. Ta ce wasu 'yan ƙauyensu za su koma su gwada shuka, da su za ta tafi. Na roƙe ta, na tuna mata abin da ya koro su, har na ce ta dawo gidana da zama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kwance ƙullin ta raba irin biyu, ta zuba mini rabi a gyalena.

"Ki shuka nan. In tawa ba ta yi ba, iri bai ɓace ba."

A bayan ɗakin karatu akwai wani fili da ake jibge karyayyun kujeru, daidai ƙarƙashin tagar shugaba. Nan na share na yi kunyoyi. Ya buɗe taga ya tambaye ni me nake yi, na ce shirin damina ne na yara, za su karanta yadda tsiro ke fita su kuma gani da idonsu. Haka kuwa aka yi. Yaran dogon hutu suka yi shuka, suka yi ciran ciyawa, suka zana ganyen a takarda. Da gyaɗar ta yi fure shi da kansa ya fito ya ɗauki hoto ya aika sama. Na ga lokacin da yake ɗauka, na yi kamar ban gani ba.

Da kaka ta zo muka cire, muka tsinke, na shanya ta a baranda, a daidai wurin da matan suke zama a da. Da ta bushe na shiga ofis.

"Yallaɓai, gyaɗar ɗakin karatu ta bushe. Kayan gwamnati ne, a harabar gwamnati ta fito, ba shigo da ita aka yi ba. Sai dai ni ma'aikaciyar littafi ce, ba a ɗauke ni aikin ɓara ba. Amma na san masu yi."

Ya daɗe yana kallona. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "A share kullum. Kuma ki nemo kyanwa." Kafin azahar na kawo kyanwar maƙwabciyata a cikin kwali.

Matan suka dawo baranda. Gyaɗarmu ba ta taka kara ta karya ba, 'yan kwanaki kaɗan za ta ɗauka, amma na lura kullum tulin ba ya raguwa, don kowace tana shigowa da tata a ƙarƙashin mayafi tana zubawa a gefe. Shugaba ma ya lura, ya zaɓi kallon wani wajen. Sai dai Inna ba ta zo ba. Wayar ƙauyensu ba ta shiga, labarin da ke zuwa daga wajen kuma wani ya ce lafiya, wani ya ce an sake tashinsu. Na ɗauko wani littafi na fara musu. Suka ce a ƙarasa musu na jaki, na ce ajiya ce, ba ni da ikon taɓawa. Wata ta ce a hankali, "Malama, in ba ta dawo ba hwa?" Na ce to littafin zai zauna a haka. Na faɗa da ƙarfin hali, amma tsoro nake ji, kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a bakin ƙofa sai na daina karatu na duba.

An fara yankan dawa, ina tsakiyar karatu, wani babur ya tsaya. Ta sauko da ƙyar, ta rame, ta yi baƙi, tana rungume da ɗan buhun da bai kai rabi ba. Ba ta bari kowa ya karɓar mata ba. Ta ratsa matan suna yi mata barka, ta je ƙarshen baranda inda na fara ganinta, ta zauna, ta kwance bakin buhun. Ta ce gefen gonar da ke kusa da gida kawai suka iya nomawa, wani lokaci a guje suke barin fartanya. Ta tura hannu cikin buhun ta ɗebo ta nuna mini.

"Wagga ba ta ɗan kasuwa ba ta, ba ta gwamnati ba ta. Tawa ta."

Hayaniya ta fito da shugaba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon buhun, gyaɗar da kowa ya ga an shigo da ita ta ƙofar gaba. Na riƙe littafin da ke hannuna na shirya masa, don na riga na yanke cewa ko aikina ne zai tafi, buhun nan ba zai fita ba. Inna ta jawo ƙwarya, ta danna ta farko, ƙwaya ta faɗa. Ya dubi hannunta, ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ta ce, "Yawwa, ɗana." Sannan ta juyo gare ni. "To, jakin nata na ko ba nata ba na?"

Na shiga ciki na ɗauko littafin daga inda na ɓoye shi a bayan ƙamus ɗin da ɓera ya ci. Na zauna a bakin ƙofa, na buɗe babin ƙarshe, na jira ta ɗebo ta biyu sannan na fara.